Ku Daina Biyan Murgu

'Ya'yana samari da 'yan mata, akwai wata magana ta Ubangiji Yesu da kusan kowannenku ya haddace tun yana ajin yara na ranar Lahadi. Tana cikin Bisharar Yohanna, sura 8, aya 31 zuwa 36, wurin da ya ɗaura 'yancin mutum a kan sanin gaskiya. Kun ji ta a bakin masu wa'azi, kun gan ta a jikin rigunan taron matasa, wasunku ma sun taɓa ɗaukarta suka jefi abokin gardama da ita. Amma a zaman da nake yi da ku, a bayan majami'a in an tashi sujada ko a ƙofar gida da yamma, na ga masu haddar ayar da yawa waɗanda ba su taɓa ɗanɗana abin da ta alkawarta ba. Suna waƙa, suna ba da baiko, suna gaishe da manya da ladabi, amma da wayarsu za ta yi ƙara a hannun wani, nan take gabansu zai faɗi. Saboda irin waɗannan na ɗauki alƙalami.

Ku fara lura da mutanen da aka faɗa wa maganar. Yohanna ya ce Yahudawan da suka riga suka ba da gaskiya gare shi ne, wato 'yan cikin gida irinmu. A Urushalima ne, cikin Haikali, a lokacin Idin Bukkoki. Da jin an ambaci 'yanci sai ransu ya ɓaci, suka ce su zuriyar Ibrahim ne, ba wanda ya taɓa bautar da su. Ku auna wannan amsa. Idin da ya tara su na tunawa ne da zaman kakanninsu a jeji bayan fitowa daga bautar Masar. Babila ta rushe Urushalima ta kwashe su wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. A sa'ad da suke maganar kuwa, ƙasarsu tana hannun Romawa tun shekara ta 63 kafin haihuwar Almasihu, kuma sansanin sojan Roma yana jingine da katangar Haikalin. Duk da haka bakinsu bai yi nauyi ba. A ganinsu jinin Ibrahim ya isa ya sa mutum ɗa, ko da wane hali yake ciki. Yesu bai tsaya jayayya da su a kan tarihi ba. Ya nuna musu wani ubangida da ba su sa a lissafi ba, shi ne zunubi, wanda ke mallakar duk mai yi masa aiki.

Mu ma muna da irin wannan amsa a bakinmu. Wani zai ce shi ɗan Fasto ne. Wata za ta ce kakarta na cikin matan da suka kafa zumuntar mata a garinsu. Wani kuma a Wusasa aka yi wa kakansa baftisma. Gado ne mai daraja, ku riƙe shi da godiya. Sai dai bangaskiyar kaka ba ta kwance ɗaurin jika, kuma ƙaryar da ta fi wuyar warwarewa ita ce wadda mutum yake yi wa kansa, cewa shi lafiyarsa ƙalau.

Yawancinku ba ku san murgu ba, don haka bari in ba ku labarinsa. A ƙasar Hausa, zamanin da ake bauta, ba kowane bawa ne yake wuni a gandun ubangidansa ba. Akwai wanda ake bari ya fita ya yi sana'a, ko rini, ko jima, ko dako, ko fatauci, bisa sharaɗin zai riƙa kawo wa ubangidan wani abu da aka yanka masa a kai a kai. Wannan biyan shi ne murgu. In ka gamu da irin wannan bawa a kasuwa ba za ka bambanta shi da ɗa ba. Yana da rigarsa, yana ciniki, yana raha da mutane, wataƙila ma yana da mata da ɗaki. Amma shi ya san lokacin biya yana tafe, ya kuma san ranar da ya gaza za a tuna masa matsayinsa. Wannan ba tatsuniya ba ce, kuma ba abin da ya daɗe can ba ne. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. A tsakanin nan mutane da yawa sun yi shekaru suna tara kuɗin fansar kansu suna kaiwa gaban alƙali. Akwai yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi aka rene su a gidan 'yantattu na Zungeru, daga baya mishan ta SUM ta karɓe su a Rumasha a 1909. Wasu gidajenmu na Kirista daga irin wannan tushe suka fito.

Maƙaryaci bawa ne mai murgu. Ba ka ganin mari a ƙafarsa, yana yawonsa cikin gari, amma biya yake yi kullum.

Ga yaron da ya je kotu ya yi rantsuwar rage shekaru, don kada ya wuce talatin a hana shi bautar ƙasa, ko don neman aikin ɗamara. Takarda ɗaya ce, cikin ɗan lokaci an gama. Daga wannan rana yana da ranar haihuwa biyu, kuma dole ya riƙa tuna wacce zai faɗa a gaban wa. Ƙaninsa ya tashi cika takarda, sai a ga wata huɗu ne tsakaninsu, uwa ɗaya uba ɗaya, sai a koma kotu a sake wata rantsuwar. Ga yarinyar da aka biya mata kuɗi a wata cibiyar jarrabawa, aka rubuta musu amsar WAEC a kan allo. Ta sami shiga makarantar koyon jinya da sakamakon da ba nata ba. Duk sa'ad da malami ya ɗaga ido yana neman mai amsa tambaya sai cikinta ya ɗuri ruwa, kuma gobe marasa lafiya ne za su kwanta a gabanta su ba ta amanar ransu. Ga saurayin da mahaifiyarsa ta sayar da buhunan masararta ta aika masa kuɗin makaranta, ya zuba su a cacar ƙwallo ta waya, ya buga mata ya ce an ƙara kuɗin rajista. Ta ciwo bashi a wurin adashi ta sake aikawa, tana sa masa albarka. Ga mai jagorar waƙa da safe wanda dare ke samunsa a gaban hotunan batsa, yana gogewa kafin gari ya waye. Ga mai shan tramol da kodin a ɓoye, yana cewa gajiya ce ta ja masa ido.

Me suke biya? Barcinsu, sakin fuskarsu, da addu'arsu. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Fasto yana wa'azinsa a kan abin da ya shirya tun farkon mako, shi kuwa yana zaune yana zufa, yana tunanin wane ne ya kai ƙararsa. In ya durƙusa zai yi addu'a, maganar nan ɗaya takan tsaya masa a maƙogwaro, sai ya kewaye ta, ya roƙi ilimi, ya roƙi aiki, ya roƙi lafiyar iyaye, ya tashi yadda ya durƙusa. A hankali ya daina durƙusawar. Bawan da, in ya yi ƙoƙari, yakan tara abin da ya rage masa bayan murgu har wata rana ya fanshi kansa. Murgun ƙarya ba ya raguwa. Kowace ƙarya tana bukatar wata ta tokare ta, sai bashin ya riƙa hauhawa.

Na san abin da zai zo muku a rai. Mu mutane ne masu son rufin asiri. Addu'ar iyayenmu ce safe da yamma, Allah ya rufa mana asiri, kuma addu'a ce mai kyau. An rene mu da kunya, an koya mana cewa ba kowace magana ake fitarwa waje ba. Ba na so ku zubar da ko ɗaya daga cikin wannan tarbiyya. Tambayar da nake so ku yi ita ce, wane ne yake rufewar?

Ku karanta labarin Sarki Dawuda a littafin Sama'ila na biyu, sura 11 da 12, ku karanta shi a hankali kamar ba ku taɓa ji ba. Sojojinsa suna yaƙi a Rabba, shi yana gida. Ya aika aka kawo masa Batsheba matar Uriya Bahitte, ciki ya shiga. Daga nan duk abin da ya biyo baya aikin rufin asiri ne. Ya kira Uriya daga fagen fama don ya kwana a gidansa a ce cikin nasa ne, bawan Allah ya ƙi, ya kwana a ƙofar fada saboda 'yan'uwansa suna kwana a fili. Ya ba shi abin sha har ya bugu, duk da haka bai je gida ba. Sai ya rubuta wa Yowab wasiƙa cewa a sa shi a inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, ya ba Uriya wasiƙar ya kai da hannunsa. Uriya ya mutu, wasu sojoji da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka mutu tare da shi. A idon jama'a dabara ta yi. An yi makoki, an ɗaura aure, an haifi ɗa, ba wanda ya ce uffan. Amma a Zabura 32, wadda masu bi tun da can suke dangantawa da wannan al'amari, Dawuda ya bayyana yadda kwanakin shirun suka kasance masa: jiki yana lalacewa, nishi dare da rana, ƙarfi ya ƙafe kamar a tsakiyar bazara. Sarki ne a kan gadonsa, kowa yana faɗuwa yana gaishe shi, amma a cikin ransa ɗaurarre ne.

Sai Annabi Natan ya zo da labarin matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya da mai arziki ya ƙwace ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya fusata ya yanke hukunci, Natan ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa. A nan ne nake ganin girman Dawuda. Yana da ikon ya sa a fille kan annabin, kamar yadda wasu sarakuna suka yi a bayansa. Bai kawo hanzari ba, bai ce matar ce ta yi wanka a fili ba, ya amsa laifinsa a taƙaice. Zaburar nan da ta kwatanta azabar ɓoyewa, ita ce kuma ta buɗe da yabon albarkar mutumin da aka rufe zunubinsa. Rufi biyu ke nan a waƙa ɗaya. Wanda Dawuda ya yi da hannunsa ya ci ran mutane ya kuma ci lafiyarsa. Wanda Allah ya yi masa bayan ya furta, shi ne ya ba shi barci. In kuna roƙon rufin asiri, wannan na biyun za ku roƙa, kuma ba ya samuwa sai mutum ya ɗauke hannunsa daga na farkon.

Ba zan ɓoye muku ba, gafarar ba ta share sakamakon ba. Yaron ya mutu, takobi bai rabu da gidan Dawuda ba, ɗansa Absalom ya tayar masa. Mai faɗin gaskiya zai iya rasa gurbin karatu, ko aiki, ko auren da aka sa wa rana. Abin da ya samu shi ne ya daina zama mutum biyu.

Yanzu ga zuciyar maganar. A bangaskiyarmu gaskiya ta wuce jerin koyarwar da ake haddacewa a ajin baftisma. A Yohanna sura 14 Yesu ya kira kansa gaskiyar. Ma'anar wannan ita ce, wanda kake tsoron ya sani ya riga ya sani, kuma da saninsa ya zo nemanka. Ku tuna da matar nan ta Samariya a sura 4. Da tsakar rana ta zo rijiyar Yakubu, lokacin da mata ba su cika zuwa ɗiban ruwa ba. Ta yi aure biyar, wanda take tare da shi kuma ba mijinta ba ne. Yesu ya faɗa mata wannan ƙarara, bai sassauta ba, amma bai tashi daga bakin rijiyar ba, bai kuma janye tayin ruwan rai da ya yi mata ba. Me ta yi? Ta bar tulunta ta ruga cikin gari, abin da take shelar kuwa shi ne ta gamu da wani da ya faɗa mata dukan abin da ta taɓa yi. Tarihin da ke sa ta sunkuyar da kai shi ne ya zama shaidarta, kuma mutanen garin da yawa suka ba da gaskiya ta dalilinta. Ba a canja mata ko ɗaya daga abin da ya wuce ba. An san ta ciki da bai, kuma ba a kore ta ba. Iblis, wanda sura 8 ɗin nan ta kira uban ƙarya, makaminsa mafi kaifi raɗa ɗaya ce: ranar da aka sani, ka ƙare. Gicciye yana ƙaryata wannan raɗa, domin ba a kan jahilcin halinmu Almasihu ya mutu dominmu ba.

Wasunku suna ƙoƙarin fansar kansu. Lamiri ya dame su, sai su ƙara azumi, su kwana a dutsen addu'a, su ba da baiko mai tsoka, su shiga kowace ƙungiya ta ikkilisiya, duk don kada su taɓa wannan abu ɗaya. Azumi da addu'a abubuwa ne masu tsarki, amma in an mai da su toshiyar baki ga lamiri sun zama wani murgun. Yesu ya ce bawa ba shi da tabbacin zama a gida, ɗa ne mai zama, kuma Ɗan ne kaɗai ke da ikon 'yantarwa ta ainihi. Ya riga ya ba da ransa fansa. Abin da ya rage gare ka shi ne ka fito ka ce ga ni, ga kuma abin da na yi. Manzo Bulus ya gaya wa Romawa a sura 8 cewa Ruhun da muka karɓa na 'ya'ya ne, wanda ke sa mu kira Allah Uba ba tare da rawar jiki ba. Ɗa in ya fasa tulu yakan sha faɗa, amma ba ya tunanin za a sayar da shi.

An taɓa ganin wannan a fili a nahiyarmu. A shekarun 1930 wata farkawa ta tashi a asibitin mishan na Gahini a ƙasar Ruwanda, bayan haɗuwar wani ɗan Yuganda mai suna Simeoni Nsibambi da likitan mishan Joe Church a Kampala a 1929. Ta bazu zuwa Yuganda, Burundi, Kenya da Tanganyika. Ana kiran mutanenta Balokole, wato cetattu, kuma abin da suka fi nanatawa shi ne tafiya cikin haske, daga wasiƙar Yohanna ta fari. Alamarsu ba ta tsaya ga kuka a majami'a ba. Mutane sun riƙa mayar da kayan da suka sata, suna biyan bashin da suka danne, suna neman gafarar matansu. Har Turawan mishan wasu suka tsaya a gaban baƙaƙen fata suka furta girman kansu, a zamanin mulkin mallaka. Tafarkin Zakka na Yariko suka bi, wanda da Yesu ya shiga gidansa ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Tuban da bai kai ga aljihu ba, bai kai ga ƙofar wanda aka cuta ba, da saura.

Farkawar ta yi nata tuntuɓen, kuma ya kamata ku koya daga nan. A wasu wurare furci a bainar jama'a ya wuce gona da iri, aka ambaci sunayen mutanen da ba su nan, aka ɓata gidaje. Don haka ku ji shawarata. Allah ne farkon wanda za ka gaya wa, da sunan abin, ba da kewaye-kewaye ba. Sa'an nan ka nemi mutum ɗaya, dattijo mai riƙon amana wanda ba ka taɓa jin maganar wani a bakinsa ba, domin Yakubu a wasiƙarsa ya umarce mu mu riƙa furta wa juna muna yi wa juna addu'a, kuma jarabar da aka ɓoye ta fi ƙarfin mutum ɗaya. 'Yata, ke ki nemi uwa a cikin zumuntar mata, kada ki kai sirrinki ɗakin namiji ke kaɗai, ko da wane muƙami yake riƙe da shi. Bayan haka sai wanda ka cuta. Iyakar inda laifi ya kai, nan furci zai kai. Facebook da TikTok ba wurin tuba ba ne. In kuwa ke aka ci wa zarafi, ko kai, kuma wanda ya yi ya ce a yi shiru don kare sunan gida ko sunan ikkilisiya, ku sani laifin ba naku ba ne, shirun kuwa shi yake karewa. Ku faɗa wa babban da zai tsaya muku, in na farko bai saurara ba ku je wurin na biyu.

A nan dole in juya ga 'yan'uwana dattawa, ko da yake ba dominsu nake rubutun ba. Muna sa yarinya ƙarƙashin horo saboda cikinta ya fito, yaron da ya yi cikin kuwa yana kaɗa ganga a gaba. Wanda ya zo da kansa ya furta, mukan yi masa hukunci daidai da wanda aka kama, wani lokaci ma maganarsa ta riga shi isa gida. Da wannan muke koya wa yara cewa ɓoyewa ta fi riba. Horo na gyara ne da maidowa. In ikkilisiya ta zama wurin da gaskiya ta fi tsada, za mu amsa tambaya a kan kowane yaron da ya zaɓi ƙarya don tsoronmu.

Akwai wata bautar kuma, ita ce ta tsoro, kuma ita ma da ƙarya ake ɗaura ta. Masu kiran kansu annabawa sun yi yawa. Ka je da ciwon kai ko rashin aiki, a ce maka kakarka ce ta ɗaure ka, a sayar maka da mai ko ruwa a kwalba, a ce ka dawo da iri mai nauyi. Tsohuwar da ta goya ka ta zama mayya a idonka, yaro maraya a gida ya zama abin duka. Wanda ya shiga wannan hanya ba ya fita da sauƙi, domin kowane mafarki sai ya koma a fassara masa, kowace fassara kuma da kuɗinta. Maganin yana cikin sharaɗin da Yesu ya gindaya a aya 31, wanda masu haddar aya 32 sukan tsallake: zama a cikin maganarsa. Zama aka ce, ba leƙe ba. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan wahalar shekaru da Likita Mila na Zariya da sauran masu fassara da mataimakansu Hausawa suka sha, aka kuma sake sabuwar fassara a 1979. Kakanninmu sun shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurarsu don su karanta shi da idonsu. Yau yana cikin wayarku kyauta. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni sura 17, ko Bulus da kansa ba su karɓi maganarsa ido rufe ba, sai da suka riƙa bincika Nassi kowace rana, kuma yabonsu aka yi. Ku ɗauki Bishara ɗaya ku karanta ta daga farko har ƙarshe, sa'an nan wasiƙar Galatiyawa. Wanda ya san muryar Makiyayi da kansa, da wuya ɗan kasuwa ya saye shi da tsoro.

Ku kuma kula da abin da yatsunku ke turawa. Duk sa'ad da hankali ya tashi a Jos ko Kaduna ko wani wuri, sai hotuna su cika WhatsApp, wasu na shekarun baya, wasu ma daga wata ƙasa. Mun binne mutanenmu da gaske, kuma gaskiyar wannan ta isa, ba ta bukatar ƙari. Dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci ba ta ware maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba. Saƙon da ba ka tabbatar ba zai iya sa a tare matafiyin da bai san komai ba a hanya. Ayar 'yanci ba sanda ba ce ta dukan wani, da mu aka fara yin ta.

Gaskiya ba kullum take buɗe ƙofar kurkuku ba, wani lokaci ita ke kai mutum ciki. Janani Luwum ɗan Yuganda ya tuba a 1948 ta hannun Balokole, ya zama Babban Bishop na Angilikan a 1974, zamanin Idi Amin. A Fabrairun 1977 shi da sauran bishop-bishop suka rubuta wa shugaban takarda a kan kashe-kashe da ɓacewar mutane. Ranar 16 ga watan aka kama shi, washegari gwamnati ta ba da sanarwar cewa ya mutu a haɗarin mota, alhali harbe shi aka yi. Ku dubi mutanen nan biyu. Ɗaya yana da sojoji da bindigogi da gidan rediyo, amma bai iya faɗin abin da ya yi ba, sai da ya ƙirƙiro haɗarin mota. Ɗayan ba shi da komai, ya san abin da zai iya biyowa, ya faɗi abin da ya gani. Irin wannan ƙarfin zuciya ba a ranar ake samunsa ba. Mutumin da ya yi kusan shekara talatin yana tafiya cikin haske a kan ƙananan abubuwa, shi ne ya iya tsayawa a gaban Amin.

Yawancinku ba za a kira ku gaban mai mulki ba. Abin da ke gabanku ya fi wannan ƙanƙanta, kuma kun san shi, tun da kuka fara karatun nan yake yi muku yawo a rai. Kada ku jira babban taron matasa ko wa'azin da zai sa ku kuka. Kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, ku durƙusa ku kira abin da sunansa. Mai sakamakon da ba nasa ba, ya yi rajista ya sake zana jarrabawar da kansa. Mai shekarun aro, ya bi hanyar hukuma ya gyara. Mai kwalba da ƙwaya, ya nemi dattijo ya kuma nemi likita. Kai kuma ɗana, da ka ci kuɗin masarar mahaifiyarka, kada ka aika mata saƙo ta waya. Ka shiga mota ka je gida, ka zauna a gabanta ka gaya mata da bakinka.